Gwadabe Ya Gyara Wasan Kaka

Duk wani babban taro da aka yi a Dutse cikin 'yan shekarun nan, Gwadabe zai gaya maka da shi aka yi, kuma ba ƙarya yake ba. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, shi ke kai kujeru. Hayar rumfa da kujerun roba ce sana'arsa. Yakan jera su kafin baƙi su iso, ya koma bayan rumfa ya tsaya kusa da janareto, in an watse ya kwashe kayansa. Daga wannan tsayuwar ta bayan rumfa ya samo iliminsa na shirya taro, kuma tun da ya samo shi kunnen mutanen Kafin Tsamiya bai huta ba.

Kafin Tsamiya garinmu ne, kuma garinsu, ko da yake in ya zo ganin gida yana taka ƙasarmu ne kamar mai tsallake kashin kaji. Ba mu da abin taƙama da ya wuce wasan kaka. In an gama girbi gero ya shiga rumbu, sai a yi shela, jama'a su taho daga Miga da Buji har Garki, ba a tambayar kowa wa ya gayyace shi. Tsarin wasan kuwa kowa ya san shi. Maƙera ke buɗewa da hantsi, a kaɗa musu dundufa su yi wasa da wuta. In sun kashe wutarsu, bayan azahar mahauta su shigo da kalangu da bijimi a yi hawan ƙaho, igiyar ƙafarsa ta baya a ɗaure a gindin tsohuwar tsamiyar da ke tsakiyar fili. Sai an mayar da sa gida sannan maharba su shigo su yi ta sakin bindigogin toka sama. Wuta, sa, bindiga: tun kakanninmu ba a taɓa haɗa biyu daga cikinsu a fili ɗaya ba.

Mai kula da wannan tsari shi ne Sarkin Wasa. Bara Allah ya yi masa rasuwa, rawani ya zama ba mai shi. Labarin na isa Dutse, Gwadabe ya hau babur, bai zame ko'ina ba sai ƙofar gidan Dagaci.

"Ranka ya daɗe, wasan nan namu ƙauyanci ya yi masa yawa," in ji shi bayan ya zube ya yi gaisuwa. "Manya a kan tabarma, jama'a a tsaye, kiɗa ba lasifika. A ba ni na bana in nuna wa garin nan yadda ake taro."

Dagaci dattijo ne mai son ganin inda abu zai ƙare. Ya ce, "Ka taɓa shirya wasa?"

"Wasa? Allah ya ja zamaninka, ni da na shirya taron da sai da aka rufe titi?"

Sarkin Fawa Barau na zaune a gefe yana sakace. Ya ce, "Na tuna ranar. Motar kujerunka ce ta mace a tsakiyar titin."

"Sarkin Fawa, ai dai an rufe."

Dagaci ya yi murmushi ya ce, "To, na ba ka. Kowa ya bi abin da ka ce. In wasa ya tashi lafiya, a cikin filin, gaban jama'a, za a naɗa maka rawanin."

Wani da ya ji haka sai ya koma ya tambayi dattawa yadda ake yi. Gwadabe kasuwa ya koma. Ya sayo rawaninsa da kansa, fari tas, mai tsawon da zai naɗe mutum biyu, ya kawo shi gidan Iya, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. Ya same ta a bakin tanda tana juya waina, ya warware mata shi.

Iya ta duba ta ce, "Inna lillahi! Likkafanin wa?"

"Haba Iya, rawanina ne."

"Wa ya naɗa ka?"

"Za a naɗa."

"Ni ma za a kai ni Makka, amma ka ga na sa haƙorin?"

"Iya, ke ba ki san zamani ba. Yanzu komai shiri ake yi masa."

"Na san ka dai. Tun kana rarrafe kake jan zanen da aka ɗora tukunya a kai."

Gyaran farko da ya yi wa wasan shi ne ya raba shi da tsamiya. Wai tsuntsaye za su yi wa manyan baƙi kashi a hula, kuma saiwoyi ba sa barin kujera ta zauna daidai. Ya mayar da taro filin ƙwallo na bayan gari, inda babu ko kalgo. Ya kafa rumfunansa a jere, ya ɗaure wannan da waccan da waya don su miƙe sak. Ya kuma kafa ƙofar shiga da ƙyalle mai launi, a filin da ba shi da katanga.

Sarkin Fawa ya zo ya zagaya filin, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "A ina zan ɗaure sa?"

Gwadabe ya ƙwanƙwasa ƙafar babbar rumfa, wadda manyan baƙi za su zauna a ciki. "Ga ƙarfe."

"Ƙarfen rumfa?"

"Wannan ƙarfen ya sha iskar damina a taro ya fi a ƙirga, bai taɓa motsi ba."

"Iska ba ta da ƙaho, Gwadabe. Bari in sa 'yan igiya su riƙe da hannu."

"Su tare wa baƙi ido? Sam. Kuma wai sa ɗin me? Ni da na kama ƙahon sa a kwatar Legas da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina amsa waya!"

Sarkin Fawa ya juya ga waɗanda ke tsaye ya ce, "Dagaci ya ce a bi shi, mun bi. Amma jama'a, ku shaida."

Muka ce mun shaida. Gaskiya daga ranar ne ma wasan ya fara ba mu sha'awa.

Lasifika kuwa daga Dutse ya ɗauko, tare da mai su, Dung, mutumin Jos da ya daɗe yana gyaran rediyo a Dutse yana kuma ba da hayar kayan sauti a biki da coci. Dung ya gama ɗaura lasifikansa a kan ƙarafan rumfa, ya miƙa wa Gwadabe makirfo marar waya ya ce, "Oga Gwadabe, in ka gama magana ka danna nan. In ba ka danna ba, ko tari ka yi sai an ji a kasuwa."

"Injiniya, ni za ka koya wa makirfo?"

"Ba koya maka nake ba. Tausayin kasuwa nake ji."

Ranar wasa Gwadabe ya fito cikin shadda mai ƙara, sabuwa dal, ya ɗora rawaninsa a kan faranti ya ajiye a teburin da ke gaban kujerar Dagaci, don kada a manta da shi. Jama'a suka fara kwarara ta kowane gefe, shi kuma yana tsaye a ƙofar ƙyallensa yana ihu a lasifika, "Ta nan ake shiga! Ta nan!" Wasu samari daga Buji suka tausaya masa, suka fita daga filin, suka zagayo suka shiga ta ƙofar, suka sake fita suka sake shiga, har sai da ya gane ba'a suke masa.

Da hantsi maƙera suka iso, suka hura wutarsu a gefen fili. Mai dundufa ya ɗaga hannu ke nan sai lasifika ta daka masa tsawa.

"Dakata! Wa ya ce a fara? Ba a buɗe taro sai babban baƙo ya iso."

Ashe wani Darakta ya gayyato daga Dutse. Sarkin Maƙera ya ce, "Gawayinmu fa ci yake."

"Ku ƙara wani. Haka ake yi a birni."

Suka zauna suna ƙara gawayi. Rana ta take. Dattawan da suka ɗan raɓa kujeru don inuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tayar, wai na manya ne. Kujeru suka zauna a inuwa su kaɗai, masu furfura na tsaye a rana suna kallonsu. Shi kuwa ya cika filin da jawabi. Ya yi maraba da Darakta da bai zo ba, ya gode masa bisa jawabin da bai yi ba, ya ba da tarihin kansa tun daga haihuwa. Iya, wadda ta kafa tandarta a bakin fili, ta ɗaga murya ta ce, "Ka tsallake shekarar da akuya ta kore ka daga makarantar allo!" Filin ya ɗauki dariya. Ya ce masu hassada ba sa hana taro tafiya.

Aka yi azahar, ba Darakta. Mahauta suka iso a lokacinsu da baƙin bijimi mai tozo, ƙahonsa kamar an fere. Suka tarar da wutar maƙera na ci. Sarkin Fawa ya ja tunga.

"Ba a shiga da sa ana wuta."

"Yau za a shiga," in ji Gwadabe. "A ɗaure shi a can."

Aka ɗaure igiyar baya a ƙafar babbar rumfa, samari biyu suka riƙe ta gaba. San ya dubi wutar, ya dubi Gwadabe, ya fara tonon ƙasa da kofato. Dagaci ya iso, ya ga inda aka ɗaure igiyar, ya ce a shimfiɗa masa buzunsa can nesa da rumfa, wai kujera na sa masa ciwon baya.

La'asar ta yi, ba Darakta. Sai ga maharba cikin warki da layu, bindigogi a ɗure, masu kiɗansu na biye. Sarkin Baka ya hango sa a fili ya tsaya cak. Ga wuta, ga sa, ga bindiga, abin da ko tsofaffin garin ba su taɓa gani tare ba.

A daidai nan motar Darakta ta shigo. Mutumin kirki ne, ya ba da haƙuri, ya zauna a babbar rumfa, ya raɗa wa Gwadabe cewa ba zai daɗe ba, akwai wani taron a gabansa, amma zai so ya ɗan ga kowane wasa. Gwadabe ya manta makirfo na bakinsa, duk filin ya ji amsarsa.

"Yallaɓai, kada ka damu. Abin da su ke wuni suna yi, ni yanzu zan haɗa maka shi gaba ɗaya." Ya juyo ya buɗe hannu. "Maƙera! Mahauta! Maharba! Kowa ya fara, yanzu!"

Iya ta fara kwashe wainarta tana zubawa a roba. Mata masu goyo suka ja da baya. Dung ya matso ya ce, "Oga Gwadabe, bari in sauke lasifikana tukuna."

"Ka taɓa su mu ɓata. Maza kai ɗaya makirfon gaban maharba, Yallaɓai ya ji ƙarar da kyau."

Sarkin Fawa ya dubi Dagaci. Dagaci ya gyara zama a buzunsa ya ce, "Na ce a bi shi."

Mai dundufa, wanda tun safe hannunsa ke ƙaiƙayi, shi ya fara. Kalangu ya ji an riga shi, ya amsa. Masu kiɗan maharba suka ce su ba a bar su a baya ba. Shi kuwa mutum in aka kaɗa masa taken gidansu, ko gaban surukinsa ne sai ya tsuma. Maƙera suka damƙo jan ƙarfe daga wuta suna wasa da shi. Wani saurayin mahauci ya tuɓe riga yana kirari yana nufar ƙaho. Wani tsohon maharbi ya yi kuwwa, ya ɗaga bindigarsa daidai saitin makirfon Dung, ya saki.

Ƙarar da ta fito daga lasifikan nan, an ce har a tasha kaji sun watse.

San ya yi tsalle ɗaya. Samarin da ke riƙe da igiyar gaba suka tsinci kansu a ƙasa. Ya yi gaba, igiyar baya ta miƙe, ƙarfen da ya sha iskar damina ya tuge kamar tsinken tsire. Babbar rumfa ta bi sa. Ta biyu, da aka ɗaure da ita don ta miƙe sak, ta bi ta farko. Ta uku ta bi ta biyu da lasifikan Dung a rataye. Darakta ya ɗaga kai ya ga inuwar da yake ciki ta tafi ta bar shi, bai jira bayani ba, ya tattare babbar riga ya nufi mota, takalminsa ɗaya na nan har yau a gidan Dagaci.

San ya ja ayarin rumfunan nan ta kan wutar maƙera. Tamfol ɗin da aka rufe su da shi ya kama, ya fara ɗiga yana wari. Maƙera suka bar wasa suka koma kashe gobara da ƙasa. Sauran maharba, da suka ji ɗan'uwansu ya saki, suka ga abin kunya ne su koma gida da albarushi, suka saki nasu. Kujerun da aka hana dattawa suka yi ta tashi sama suna dira a karye.

Gwadabe fa? Abin da ya fara ceta shi ne rawaninsa. Ya fizge shi daga faranti ya rungume, makirfo a ɗaya hannun, ya tsaya a tsakiyar fili yana ihu, "A kwantar da hankali! Komai na cikin tsari!" A lokacin ne igiyar ta tsinke daga rumfar. San ya ji ƙafarsa sakayau, ya juyo yana neman wanda zai huce a kansa. Kowa ya ja gefe. Mutum ɗaya ne ya rage a fili, cikin shadda mai ƙara.

Sarkin Fawa ya ƙwala masa kira, "Kwanta! Kwanta flat a ƙasa, zai wuce!"

"A wannan shaddar?"

"To kama ƙahon! Hannu ɗaya, irin na Legas!"

Gwadabe ya ranta a na kare. Lasifika ɗaya ta tsira, tana kwance a ƙasa tana aiki, kuma bai danna inda aka ce ya danna ba. Don haka duk wanda ya zo wasan kaka na bana, daga Miga har Garki, ya ji da kunnensa: "Wayyo Iya! Wayyo Allah! Ban taɓa zuwa Legas ba! Wallahi iyakata Kano! Sarkin Fawa, ka yi wa girman Allah!"

Iya ta amsa daga bayan tanda, "Amsa waya mana da ɗaya hannun!"

Ya zagaya filin, sa na hura masa iska a ƙeya. Da ya ji ƙaho ya taɓa shaddarsa, ya juya ya wurga masa abin da ke hannunsa, ya daka tsalle ya cafke sandar saman ragar ƙwallo ya naɗe ƙafafu. Rawanin ya warware a iska ya sauka a kan ƙaho. San ya girgiza kai don ya yar da shi, ya sake girgizawa, yana juyi, ƙyallen na ƙara naɗewa. Kafin mahauta su cim masa da igiya, ya gaji ya tsaya a tsakiyar fili yana huci, farin rawani ya zauna daram a kansa, jela ɗaya na reto a gefen kunne. Wallahi ko gwanin naɗi na fada sai ya yi da gaske kafin ya fitar da irinsa.

Mai kalangu ne ya fara. Ya matsa a hankali ya saki taken Sarkin Wasa, wanda ba a kaɗa ba tun rasuwar marigayi. Wani maroƙi ya durƙusa ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe! Naɗi ya yi kyau!" Jama'a suka kwanta da dariya. Har Dung, da ke tsintar wayoyinsa yana ƙunƙuni, sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki.

Dagaci ya taso da sandarsa, ya zo ƙarƙashin inda Gwadabe ke maƙale ya ɗaga kai.

"Gwadabe, akwai wanda ya ji ciwo?"

"Babu, ranka ya daɗe," in ji shi daga sama. "Ka ga ke nan wasa ya tashi lafiya. Alkawari fa..."

"Alkawari na nan. Na ce a fili, gaban jama'a, za a yi naɗi. Wa ya ɗora wa wancan rawani?"

Filin gaba ɗaya ya amsa, "Gwadabe!"

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa!"

"To ni ban taɓa warware naɗin da aka yi gaban jama'a ba. Sarkin Fawa, kada a yanka shi sai wasan baɗi, a gindin tsamiya." Ya sake ɗaga kai. "Kai kuma ba za ka tafi hannu wofi ba. Kowane mai sarauta yana da zagi mai yi masa hidima, kai ne na wannan sabon sarkin. Cinsa da shansa na wuyanka."

Aka sauko da shi da ƙyar, don yatsunsa sun ƙi sakin ƙarfen.

Yanzu in ka bi ta ƙofar gidan Sarkin Fawa da safe za ka ga baƙin bijimi a turke, ya yi ƙiba, masu wucewa na ɗaga masa hannu. Za ka kuma ga Gwadabe tafe da damin harawa a ka, yana ajiyewa daga nesa yana turawa da sanda. Shekaranjiya ina wucewa wayarsa ta yi ƙara, wani ne daga Dutse ke neman kujeru. Ya share gumi, ya gyara murya ya ce, "Sai dai ka kira an jima. Yanzu ina fada, muna tare da Sarki."